Sandar Baba Direba da Ƙafar Auta

Akwai wani tsohon direban babbar mota da ya ajiye tuƙi, yana zaune shi kaɗai a ƙasan wani gidan haya mai bene. Kowa a layin Baba Direba yake ce masa. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa kowa ya kama gabansa, sai dai a gaisa a waya.

Abu biyu tuƙi ya bar masa: gwiwoyin da suka sage har sai da sanda, da kunne mai kaifin tsiya. In mota ta wuce ta bayan gida, daga kan kujerarsa zai gaya maka abin da ke damun injinta.

Ga shi da faɗa kamar me. In ka gaishe shi da ƙarfi ya ce shi ba kurma ba ne. In ka sassauta murya ya ce ƙunƙuni kake masa.

A saman ɗakinsa wata tela ce ke zaune da 'ya'yanta uku, maza biyu da ƙaramarsu mace da ake kira Auta. Mijinta aiki ya kai shi wani gari, sai jifa-jifa yake leƙowa.

A shekarar aka yi wani irin sanyi da ba a saba gani ba. Ruwan famfo in ya taɓa hannunka sai ka ɗauka yanka ka aka yi. Makarantu suna hutu, amma ba uwar da za ta bar ɗanta ya leƙa waje. Filin da yara ke buga ƙwallo ya zama wayam. Baba Direba ya duƙunƙune cikin bargo, ya kunna rediyo ƙasa-ƙasa, ya ce to, yanzu ne zai huta.

Ina! Ashe hutun nan ba da shi ba.

Kullum da hantsi sai silin ɗinsa ya fara rawa. Da kunnen nan nasa har ya rarrabe su. Akwai taku mai nauyi, wannan babban ne, ya sa masa suna tirela. Akwai mai sauri da ba ya tsayawa sai ya daki bango, wannan ƙaramar mota ce marar birki. Sai kuma wani sauti na uku da ya fi ci masa rai: dum, sannan shaaa. Dum, sannan shaaa.

"Kujera suke ja," in ji shi. "Da gangan suke yi don su ga ƙarshena."

Sai ya ɗaga sandarsa ya riƙa dukan silin. A yi shiru na ɗan lokaci, can kuma a ci gaba.

Wata rana telar ta sauko da kanta, ta durƙusa a bakin ƙofa ta gaishe shi.

"Baba, don Allah a yi mana haƙuri. Wallahi ba rashin kunya ba ce, akwai dalili. Yarinyar ce..."

"Ba na son jin dalili!" Ya katse ta. "Kowa da dalilinsa. Ni dalilina kaina ke ciwo. Ki ɗaure 'ya'yanki ko ki kai su filin ƙwallo."

"Baba, a wannan sanyin?"

Ya ƙara muryar rediyo. Ta ɗan jima a durƙushe, sannan ta ce Allah ya huci zuciyarsa, ta tashi.

A ranar ya kira mai gidan hayar a waya, ya zazzage masa ƙorafi har da ƙari. Mai gidan kuwa ba ya son hayaniya. Ya aika wa telar cewa in aka sake kawo ƙararta, ta nemi wani gida.

Ina mace za ta nufa da yara uku a tsakiyar sanyi? Sai ta zaunar da su gaban talabijin, ta lulluɓe su da bargo, ta ce duk wanda ya motsa ita da shi ne.

Gida ya yi tsit. Baba Direba ya miƙe ƙafa, ya sha shayinsa, har da 'yar waƙa.

Amma daɗin bai je ko'ina ba. Bayan kwanaki sai wani sabon sauti ya fara saukowa kowace safiya. Ba taku ba ne, kukan yarinya ne, siriri, irin na wanda ya gaji da kuka. Da muryar uwar tana lallashi: "Ɗan miƙe ta kaɗan, Auta. Kaɗan kawai." Wannan kam rediyo bai iya rufe shi ba.

Wata safiya ya dogara sandarsa zai leƙa shago, sai ga telar tana saukowa daga bene, tana haki, da Auta goye a bayanta. Yarinyar da ta isa shiga makaranta, ƙafafunta har suna taɓa gwiwar uwar.

Bakinsa da ba ya shiru ya ce, "Wannan gandamemiyar yarinya ake goyawa? Ba ta da ƙafa ne?"

Telar ta gyara goyon, ta gaishe shi tukuna, sannan ta ce, "Asibiti za mu, Baba, wajen masu gashin ƙashi. Kafin sanyi ya shigo ta faɗo daga benen nan ta karye. Da aka kwance ɗaurin, likita ya ce kullum sai ta taka, in ba haka ba ƙafar za ta sage, ta zauna da ɗingishi. Ita kuma ba ta yarda ta taka sai in yayyenta na wasa da ita, sai ta manta da zafin. Yanzu da muka daina, ƙafar ta koma baya."

Sannan ta ƙara da cewa:

"Jan nan da kake ji, ba kujera ba ce, Baba. Ƙafarta ce."

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta harare shi ba. Ta ce a yi musu addu'a, ta wuce. Da ma zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi.

Baba Direba ya fasa zuwa shagon. Ya koma ya zauna yana kallon gwiwoyinsa. Shi da ke taƙama da kunne, shi da ke gane ciwon inji daga nesa, ya kasa gane takun yarinya mai ciwo a saman kansa. Kuma in akwai wanda ya san abin da zama ke yi wa ƙafa, ai shi ne. Kunya ta rufe shi, irin wadda ba a gaya wa kowa.

Washegari da hantsi ya ɗaga sanda ya daki silin da ƙarfi.

Sai ga telar ta sauko a guje, ko mayafin kirki ba ta yafa ba. "Baba, wallahi ba wanda ya motsa! Suna zaune tun safe!"

"Ai shi ne laifin," in ji shi, yana kallon gefe. "Turo min su nan. Ni ba kowa a ƙasana sai ƙasa, ita kuwa ba ta kai ƙara wajen mai gida."

Yaran suka shigo a ɗarare, suna ɓuya a bayan juna. Ya sa mazan suka tura kujeru jikin bango, falo ya buɗe. Ya ba kowa murfin tukunya ya ce sitiyari ne. Matasan kai a ƙasa su ne ramukan hanya, sai an tsallake. Ƙarƙashin tebur gada ce, sai da rarrafe. Aikin kuwa shi ne a ɗauko kaya daga ɗakin kwana a sauke a ƙofar kicin, a koma. Sandarsa ya ɗora a kan kujeru biyu ta zama shinge, ba mai wucewa sai ya yi hon ya duƙa.

Kafin a jima mazan sun cire rigunan sanyi, gumi na tsatstsafo musu. Auta kuwa tana zaune a kusurwa ta rungume murfinta.

"Ke direba, motarki ta lalace ne?"

"Zafi take min," ta ce, ta turo baki.

"Daure ki tashi. Motar da aka ajiye ai tsatsa take yi."

Ta kalle shi sama da ƙasa. "To kai ma ai a zaune kake."

Telar ta zaro ido. "Ke Auta! Baba kike gaya wa haka?"

Baba Direba ya ɗaga mata hannu. Ya duba sandarsa, tana can tana aikin shinge. Ya dafa hannun kujera, ya yi bisimilla, ya miƙe, gwiwoyinsa na ƙara. Ya miƙa wa yarinyar hannu.

"Zo mu je. Tsofaffin motoci biyu, in ɗaya ta mutu ɗaya ta ja ta."

Haka suka tafi, shi yana nishi, ita tana jan ƙafa, yayyen na yi musu hon a baya wai sun tare hanya. Da suka kai ƙofar kicin Auta ta fashe da dariya. Uwar ta juya baya tana share ido da gefen zane.

Da yamma ya kira mai gidan hayar ya ce ya janye ƙararsa, shi ne ya yi rashin fahimta. Mai gidan sai da ya tambaya ko da wa yake magana.

Tun daga nan kullum da hantsi tasha take buɗewa a falon Baba Direba. Ba kullum ake wanyewa lafiya ba. Wata rana Auta ta yi kuka ta ƙi tashi, wata rana shi ne zai ce yau gwiwa ta ƙi, sai ta zo ta tsaya a kansa ta ce, "Tsatsa, Baba." An fasa masa kofi, an karya ƙafar kujera, ya yi faɗan har ya gaji. Telar ta haɗa ragowar yadi mai kauri ta ɗinka masa abin naɗe gwiwa. Ya karɓa yana cewa ɗinkin ya karkace, amma ba a sake ganinsa ba tare da shi ba.

Da sanyi ya fara ja da baya, wata rana ya dawo daga masallaci maƙwabci ya tare shi. "Baba, ina sandar?" Ya duba hannunsa. Ashe tana can kan kujeru, ya manta da ita.

Ranar da rana ta fito sosai, ya ji yaran a sama suna guje-guje, suna neman takalma za su fita fili. Ya rage rediyo, ya kasa kunne kamar yadda ya saba. Ga tirela. Ga marar birki. Ya jira dum da shaaa.

Ya jira, ya sake jira. Taku uku ne ke gudu a saman kansa, sun cakuɗe da juna, duk kaifin kunnensa ya kasa gane wanne ne na Auta.

Sai ya kashe rediyon gaba ɗaya, ya jingina, ya bar su suna ta girgiza masa silin.

Darasi: Kafin ka kai ƙarar maƙwabcinka, tsaya ka ji dalilinsa, don abin da kake kira damuwa wataƙila shi ne maganin wani. Kuma iyaye, kada sanyi ya sa mu jibge yara gaban talabijin. A ture kujeru, a buɗe musu wuri su motsa jiki, mu ma mu tashi mu taya su. Ku tura wa iyaye da maƙwabta wannan labari, wataƙila akwai gidan da ke buƙatarsa yau.