Dalilin da Ya Sa Ƙasa Ba Ta Cin Tsumman Roba

Dalilin da ya sa in kuka yar da ƙyallen auduga a juji damina ɗaya ta ishe shi ya ɓace, ƙyallen roba kuwa ya yi shekara da shekaru yana kallonku, shi zan gaya muku yanzu, tunda kun ƙi aiki sai tambaya. Ke Balaraba, sauke ƙafarki daga keken ɗinkin nan, ba lilo ba ne. Uwale, ajiye almakashi, na san halinki, ina magana kina yanka mini yadin mutane. To, ku matso.

A da can, duk zaren da kuka sani ɗan Ƙasa ne. Auduga daga gona take fitowa. Ulu daga jikin tunkiya, tunkiyar kuwa ciyawa ta ci. Tsamiya, silikinmu na gargajiya, tsutsa ce ke yin ta a kan bishiya. Ita ma Roba, da kuke gani kamar daga sama ta faɗo, 'yar Ƙasa ce. Daga baƙin man nan na can ƙarƙashi aka haƙo ta, mutane suka dafa ta, suka ja ta har ta zama zare. Ita ce auta. Kuma a wancan zamani ba abin da ya raba ta da yayyenta. Tana shan ruwa, tana shan gumi, tana yamutsewa, in ta tsufa ta ruɓe kamar kowa.

A wani gari an yi wani masaƙi, sunansa Barmo, da matarsa Kande. Wata rana fatake suka kawo masa zaren Roba. Bai taɓa ganin irinsa ba, ga santsi ga sheƙi. Ya ɗora a masaƙa, ya saƙa, aka ɗinka masa riga. Ya rataye ta a igiyar ɗakinsa kusa da rigarsa ta Auduga wadda yake zuwa gona da ita.

Barmo ya so rigar nan ƙwarai. Ita yake sawa ranar Juma'a, ita yake sawa ranar kasuwa, in ya dawo ya kakkaɓe ta da hannunsa. Ita ma Roba ta so shi, so na gaske. Duk duniya ba ta da wani buri sai ta zauna a jikin Barmo har ƙarshen ransa, kar a raba su. Ke Balaraba, daina dariya, a lokacin tufafi suna so suna ƙi, har magana suna yi.

To, a garin ba a yar da tufa haka kawai. In riga ta yage a yi mata faci. In facin ya yi yawa a rage ta wa yara. In yara sun gama da ita a naɗe ta a yi gammo na ɗaukar tulu, daga gammo ta koma tsumman goge tukunya. Sai ta gama wannan duka sannan a kai ta juji, ta haɗu da toka da kashin awaki. Gab da damina a loda wa jakuna a mangala a kai gona taki.

Ran nan Kande ta ɗauko wata tsohuwar rigar Barmo, ta sa haƙori ta yaga ta gida biyu, ƙiii! Roba na rataye tana kallo.

Ta ce wa Auduga, "Yaya, me waccan ta yi aka yaga ta?"

Auduga ta ce, "Ba ta yi komai ba. Tsufa ta yi, ta kama hanyar gida."

"Wane gida?"

"Wurin Inna mana, Ƙasa. Gara ta ci ta, ruwa ya jiƙa ta, ta zama taki. Baɗi a shuka auduga a kanta, Kande ta kaɗa zare, Barmo ya saƙa."

"Ni ma haka za a yi mini?"

"Ke 'yar wa ce da ba za a yi miki ba?"

Roba ta ce, "Haba Yaya! Ni, a goge gindin tukunya da ni? Baba Barmo ya wuce ni a juji bai ko kalle ni ba? Wallahi ba da ni ba."

Auduga ta ce, "Yarinya ke nan. Ki sha guminki ki yi shiru."

Roba ba ta yi shiru ba. Abin ya tsaya mata a rai, ta rasa sukuni. Da ranar wanki ta zo, Kande ta kai kaya rafi, ta wanke, ta shanya su a ƙasa kamar yadda aka saba, ta ɗora duwatsu a gefe don iska. Roba ta ga ga ta kwance a jikin uwarta, ta ce yau ce ranar.

Ta ce, "Inna, wurinki na zo da kuka."

Ƙasa ta ce, "Auta, me aka yi miki?"

"So nake ki cire hannunki daga kaina. Kar in tsufa, kar in yamutse, kar gara ta taɓa ni. Ina so in zauna da Baba Barmo, kar a taɓa raba ni da shi."

Ƙasa ta dube ta da kyau. Sannan ta ce, "Kin san abin da kike roƙo kuwa? Ta ƙofar da ruwa ke shiga jikinki, ta nan tsufa ke shiga. Ƙofa ɗaya ce. In na rufe ta, na rufe wa duk mai shiga."

"Ki rufe."

"Auta, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ki koma ki yi tunani, wani wankin ma yi magana."

"Na gama tunani, Inna. Ki rufe kawai."

"Ni ba na mayar da magana, kin sani."

"Na sani."

Ƙasa ta ce, "Shi ke nan. Na cire hannuna."

Nan take ruwan da ke jikin Roba ya tattaru ya gangare. Kafin Kande ta gama ɗauraye zanenta na ƙarshe, Roba ta bushe ƙayau, ba ko layi ɗaya na yamutsa. Auduga kuwa tana nan sharkaf, sai da rana ta karkata sannan ta bushe, a cukurkuɗe.

Da farko abin ya yi wa Roba daɗi, ba zan ɓoye muku ba. Ba ta bukatar guga. Launinta bai koɗe ba. Gara ta hau igiya ta ɗanɗana ta, ta tofar, ta koma. Mutane a kasuwa suna tare Barmo suna shafa hannun rigar, suna cewa, "Kai Barmo, wannan riga taka ba ta san tsufa ba ne?" Roba ta riƙa yi wa Auduga gori, tana cewa, "Yaya, kin ga gwiwar hannunki ta fara sirancewa?" Auduga sai ta ci gaba da shan guminta.

Sai bazara ta shigo, irin zafin nan da ko kaza sai ta buɗe baki. Barmo ya sa Roba ya tafi kasuwa a ƙafa. Gumi ya karyo masa. Da can Roba ce ke shanye shi, iska ta hura, ya ji sanyi. Yau ta buɗe baki za ta sha, babu ƙofa. Gumi ya riƙa bin bayansa yana gangarawa har cikin wando, rigar ta manne masa, jikinsa ya ɗauki zafi kamar an rufe tukunya. Kafin ya dawo gida ƙuraje sun feso masa a wuya da hammata.

Yana shiga ɗaki ya tuɓe ta ya jefa kan igiya. Ya ce, "Kande, miƙo mini tsohuwar nan tawa. Wannan ta kusa dafa ni."

Roba ta ce, "Baba, ni ce fa. Dubi yadda nake sabuwa."

Barmo ya ce, "Na gani. Amma ni ba sabunta nake nema da tsakar rana ba."

Ya ga ko rini zai gyara ta, ya kai ta karofi. Marini ya tsoma ta a ramin shunin baba, ya ɗago, ya sake tsomawa. Auduga in ta shiga ramin nan sha take ta ƙoshi, ta fito shuɗiya har zuciyar zare. Roba kuwa ana ɗaurayewa shunin ya bi ruwa. Marini ya miƙo masa ita, ya ce, "Barmo, ɗauki kayanka. Wannan ba ta cin abincin kowa."

Daga nan Roba ta koma rigar sanyi da ranar biki. Yawancin kwanakin shekara tana ninke a adaka, Auduga ce a jikinsa. Wannan Audugar ta tsufa ta tafi juji, wata ta zo, ita ma ta tafi. Roba tana nan yadda take. Tana ba kanta haƙuri, tana cewa ai duk za su wuce su bar ta da shi.

Barmo ya tsufa, ido ya fara rauni. A garin, masaƙi shi ke saƙa likkafaninsa da hannunsa tun yana da sauran ƙarfi, ya ninke ya ajiye, don kar ya bar wa iyali wahala. Ran da ya buɗe adaka zai ɗauki farin zaren da Kande ta kaɗa masa, Roba ta gane abin da ake ciki.

Ta ce, "Baba, ka warware ni ka saƙa da ni. Zarena bai tsinke ko ɗaya ba. In bi ka mu tafi tare."

Barmo ya shafa ta, don har ga Allah yana sonta. Ya ce, "Auta, ke da Ƙasa ba kwa ga maciji. Wurinta za ni. Yaya zan yi mata sallama da wadda ta ce ba ta son hannunta?"

"Don kai na yi, Baba."

"Na sani. Amma ba ni kika tambaya ba."

Ya ɗauki zaren auduga ya rufe adakar. Da wa'adinsa ya cika, a cikin farin nan aka kai shi. Roba tana cikin duhun adaka tana jin salatin mutane har suka fita da shi, ta yi kuka ba hawaye, don ko ruwan kukan babu a jikinta.

Aka raba gado. Ɗan Barmo ya sa ta, jikansa ma ya sa ta, har aka gaji da ganinta. Wata matar gidan ta yanka ta za ta yi tsumma, ta goga a ruwan da ya zube, sai tura ruwan take daga nan zuwa can. Matar ta ja tsaki ta wurga ta juji. Abin da Roba ta guda ke nan tun farko, sai ga shi yanzu murna take, tana cewa ko ba komai ta kama hanyar gida, inda Baba yake.

Jakuna suka kai taki gona. Ruwa ya sauka, duk abin da aka zuba ya narke ya shige, ban da ita. Fartanya ta tono ta, manomi ya jefar gefe. Da aka zo ƙona sassabe wuta ta kama bakinta. Tsumman auduga in ya ci wuta toka yake zama mai laushi, ya koma gona. Ita kuwa ta ƙanƙance, ta ɗiga, ta yi wari, inda ya ƙone ya dunƙule ya zama baƙin ƙulli mai tauri. Abin da ya rage kuwa iska ta ɗauka, ta yi ta yawo da ita, har ta maƙale a ƙayar shingen maƙabarta. Daga nan tana hango inda aka sa Barmo.

Ta ce, "Inna! Inna, ki buɗe mini. Ga shi can, taku kaɗan ne. Na tuba."

Ƙasa ta ce, "Na ji ki, Auta, kuma ba fushi nake ba. Farin da ya zo da shi ya daɗe da zama ni, shi ma haka. Ke kuwa na laluba ko'ina a jikinki, ban sami inda zan kama ba."

Shi ya sa har yau yadin roba ba ya shan gumi, wuta ba ta mayar da shi toka, kuma ƙasa ba ta cin sa. In kun ga tsummansa a kwata ya toshe ruwa, ko a ƙaya yana kaɗawa, Auta ce ke neman hanyar gida.

Uwale, share hancinki, ba a kan yadin mutane ba. Ku tashi ku tsince ƙyallayen da ke ƙarƙashin kekunan nan. Na auduga ku kai juji, sun san hanya. Na roba ku zuba mini a buhun can, za mu cusa matashin kai da su. Tunda uwarta ba ta karɓe ta ba, ko ba komai ta sami kan ɗan Adam da zai kwanta a jikinta.