Fetur ɗin Ranar Bukata

Akwai wani mutum a wani ƙauye na bakin kogi, yana da kwalekwale mai inji. Asibiti kuwa yana can ƙetare. Saboda yana ƙaunar matarsa Tabita, sai ya cika tankin injin da fetur, ya rufe da buhu, ya ce wannan na ranar bukata ne, ba mai taɓawa.

Maƙwabcinsa, wani tsohon masunci, ya sha gaya masa ya riƙa tayar da injin, ya ƙetarar da masu zuwa kasuwa, ya zuba sabon mai, gama fetur ba dawa ba ne da za a zuba a rumbu. Mutumin ya ƙi ji. Kowace safiya sai ya buɗe murfin, ya leƙa, ya ga tanki cike, ya tafi yana jin kansa mai hikima. Haka damina biyu suka wuce.

Ran nan da rana tsaka, maciji ya sari Tabita a gona. Ya ɗauko ta da gudu, ya kwantar a kwalekwale, ya ja igiyar inji. Injin ya yi tari ya mutu. Ya ja, ya sāke ja, har tafin hannunsa ya tsage. Sai ya kama filafili, ga kogi ya cika ya batse. Kafin su kai gaɓa, Tabita ta rasu.

Bayan jana'iza, tsohon ya tsiyaye man a kwalba, ya ɗaga. Fetur a sama, ruwan da laimar damina ta tara kwance a ƙasa.

"Ai kullum ina dubawa, Baba," in ji mutumin, yana kuka.

"Sama kake dubawa, ɗana. Inji daga ƙasa yake sha."

Ma'anar wannan misali ita ce, tankin nan zuciyarka ne, fetur ɗin kuwa bangaskiya. Da yawa a cikinmu mun cika tun ranar baftisma, muka rufe. Ba addu'a, ba yafewa, ba taimakon maƙwabci, muna cewa ai tana nan. Shakka da ɗacin rai kuwa suna taruwa a ƙasa kaɗan-kaɗan, ba mai gani. Abin baƙin ciki, ranar wahala daga can ƙasan ne rai zai sha. 'Yan'uwa, ku mori bangaskiyarku yau, ku koma wurin Ubangiji ya sāke cika ku, tun ba a kwantar da wanda kuke ƙauna a kwalekwalenku ba.