Muryar Abbati Makaɗi a Wayar Sirajo

Akwai wani direba a tashar Ƙauran Namoda mai suna Sirajo, yana jigilar fasinja zuwa Shinkafi. In kana nemansa kada ka wahalar da kanka wajen duba motoci. Duba inda mutane suka taru, wani mai hula a karkace yana ɗaga waya sama. To shi ne.

"Wagga waya," yakan ce, "ko aljani bai shigarta sai da izinina. Ku bairos ke kamawa, don ba ku jin Turanci."

Shi kuwa Turancin nasa a aji huɗu na firamare ya tsaya. Amma wa zai faɗa masa?

Sirajo ɗan Badarawa ne, autan marigayi Abbati Makaɗi. Yaran yanzu ba su san gayya ba. A da, in damina ta kankama, samarin gari kan taru su nome gonar mutum ɗaya a yini guda, gobe su koma ta wani. Makaɗi na biye da su da gangar noma, yana kiran sunan kowa da na uwarsa. Wanda ya ji an ambace shi sai ya manta da ciwon baya. Mata na tafe da ƙoren fura a ka, yara na rige-rigen ɗaukar galmar da aka ajiye. Babu wanda ake biya, babu wanda yake tsoron daji.

Abbati ne makaɗin gayyar Badarawa. Ya rasu shekara talatin da suka wuce, ko hotonsa babu.

Bara, Inna Kulsumu, mahaifiyar Sirajo, tana kwashe kayan tsohuwar adakarta sai ga kaset naɗe cikin tsumma. Wani ma'aikacin jirgin ƙasa ne daga Ƙaura, zamanin da jirgi ke zuwa yana busa har a ji a ƙauyuka, ya taɓa zuwa kallon gayya da rediyonsa mai kaset, ya ɗauki kiɗan Abbati ya bar musu. Rediyon gidan ya mutu tuntuni, aka manta da kaset ɗin.

Sirajo ya kai shi wani shago a Ƙaura aka juye masa a waya. Da ƙyar aka gama, zaren ya harɗe a cikin inji ya tsinke gida-gida. Wato duk duniya muryar Abbati ba ta ko'ina sai cikin wayar Sirajo.

Ya biya gidan yayarsa Saude, wadda ke aure nan Ƙaura, ya kunna mata. Saude na jin gangar ta zauna a bakin turmi, ta rufe fuska da mayafi.

"Auta, tura min ita," ta ce.

"A tura miki a ina, Yaya? Cikin wagga 'yar wayar taki mai tocila?"

"Tana da memori. Ko ka tura ma Mubashir ɗana."

"A'a. In na tura, gobe kowa na da ita. Ba jikanki za a yi ma suna Badarawa ba, a sa mishi sunan Baba? To ranar nan zan kunna ta a lasifika, Inna ta ji, gari ya ji. Kowa ya san wa ya dawo da Abbati."

Saude ba ta yi musu ba. Ta ce ya sake kunna mata sau ɗaya. Ya kunna, yana tsaye a kanta yana zuba, ita kuwa tana ta latse-latsen 'yar wayarta a kan cinya kamar mai duba lokaci.

Sauran kwana biyar suna, saƙo ya shigo guruf ɗin direbobi. Wai wani kamfani na rabon data kyauta, a danna nan, a tura wa mutum ashirin.

Zubaida matarsa ta leƙo. "Malam, wa ke ba da abu kyauta bai san ka ba?"

"Ke tafi ki duba tukunyarki."

Ya danna. Shafi ya buɗe, ya kai shi wani shafin, wancan ma ya kai shi wani. Aka ce sai ya sauke wata manhaja kafin datar ta shigo. Wayar da kanta ta fito da gargaɗi. Sirajo ya karanta kalma biyu, ya tsallake sauran, ya danna amincewa.

Data ba ta zo ba. Talla ta zo.

Zai kira fasinja, talla. Zai duba lokaci, talla. Wayar na aljihu sai ta yi zafi kamar dankalin da aka ciro daga toka. Rana ta uku wani jan rubutu ya cika fuskar wayar yana walƙiya, wai an gano bairos goma sha bakwai, a danna nan a wanke.

"Yawwa," in ji Sirajo, "ga masu hankali sun zo."

Ya sauke mai wankin. Ta nemi izinin shiga hotuna, ya ba ta. Ta nemi izinin shiga sauti da lambobin mutane, ya ba ta. Wani ɗan tsintsiya ya yi ta shara a fuskar wayar, gwanin sha'awa.

Da la'asar, yana jiran mota ta cika a Shinkafi, ya ce bari ya ɗan ji muryar Baba. Ya duba inda take. Wayam. Ya duba sama, ya duba ƙasa, ya kashe wayar ya kunna. Tsintsiya ta share har da Abbati.

Mai gyaran waya na nan bakin tashar Ƙaura, amma ta yaya mutumin da ko aljani bai shiga wayarsa zai tsaya a layin masu bairos? Sai ya tuƙa mota babu fasinja har Zurmi, inda yake ganin ba a san shi ba.

Mai gyaran Zurmi ya jujjuya wayar ya girgiza kai.

"Alhaji, abin da ka sauke shi ne ciwon. Sautin nan ya tafi, ban iya maido shi. Akwai wanda ka tura ma?"

"Babu," in ji Sirajo.

"To bari in goge wayar gaba ɗaya, ko tallan nan ya bar ka."

"Kada ka taɓa! In ka goge, ta ina zai dawo?"

Ya karɓe wayarsa ya fito. A hanya dabara ta faɗo masa. Ganga ai ganga ce. Shekara talatin, wa zai tuna? Ya shiga wani shafin da ya ce yana da tsofaffin kiɗan noma kyauta, ya danna wani ƙaton koren maɓalli, wani abu ya sauka. Bai ma tsaya ya saurara ba, don tallan ba ya barinsa.

Ranar suna Badarawa ta cika. An raɗa wa yaro Abbati da safe, an raba goro, an ci waina. Da hantsi aka shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin bishiyar bedin ƙofar gida. Tsofaffin 'yan gayya suka zo, waɗanda suka rage, wasu da sanda, wasu a bayan babur. Maigari ma ya zo, shi da a zamaninsa babu mai riga shi kai ƙarshen gona.

Inna Kulsumu ta sa aka kai mata tabarma bakin zaure, ta ɗaura zanen da ba ta ɗaurawa sai da salla. Ba ta taɓa kiran sunan mijinta ba, ko bayan ransa.

"Auta," ta ce, "an ce ka zo da babanku."

"Na zo da shi, Inna."

Maigari ya yafito shi. "Sirajo, kafin ka fara. Saƙon mi kake ta turo min kwana biyun ga? Wai in danna in samu data. Sau shida."

"Ni ma ya turo min," in ji wani.

"Har ni, da ba mu gaisa ba tun azumi."

Sirajo bai san ma wayarsa na aika saƙo da sunansa ba. Ya yi dariyar yaƙe. "Ranka ya daɗe, ayyukan kamfani ne. Bari mu ji Baba."

Mubashir ɗan Saude ya haɗa wayar da lasifikar da aka ɗauko haya. Sirajo ya gyara hula, ya yi jawabi kan wahalar da ya sha da ilimin da abin ke buƙata. Sannan ya danna abin da ya sauke.

Wuri ya yi tsit. Inna Kulsumu ta sunkuyar da kai.

Sai wata muryar mace ta fashe a lasifika, har awaki suka watse: "Kana fama da sanƙo? Gashinka ya gudu ya bar ka? Danna nan yanzu!"

Sirajo ya danna don ya kashe, wata ta taso, ta maganin basir. Ya sake dannawa, sai kiɗan caca. Garin kokawa da waya hularsa ta faɗi, sanƙon da yake ɓoyewa shekara goma ya fito yana ƙyalli a rana. Samari suka kwanta a ƙasa don dariya.

Inna Kulsumu ba ta yi dariya ba.

"Sirajo. Ina babanku?"

Ya duƙa ya ɗauki hularsa. "Inna... ya goge."

Dariya ta ɗauke. Tsohuwa ta dafa ƙasa za ta tashi. Sai Saude ta fito daga cikin gida, ta kwance bakin zanenta, ta miƙa wa ɗanta 'yar wayar nan mai tocila.

"Ranar da ya kunna min na ɗauka da wagga. Ba ta fita da kyau ba. Mubashir, kara ta a bakin lasifika."

Aka ji shuuu, aka ji kukan kaza. Sai ganga. Sai wata murya daga nesa, siririya, tana ratsa shekara talatin: "Ɗan Saliha, riƙe galma, gero na kallonka..."

Maigari ya cire tabarau. Saliha sunan mahaifiyarsa ne, rabon da ya ji an kira shi haka tun yana saurayi. Inna Kulsumu ta koma ta zauna, leɓɓanta na bin waƙar.

Ba a yi minti ɗaya ba, wata ƙatuwar murya ta danne ta Abbati, don mai ita a kan Saude yake tsaye lokacin da take ɗauka:

"Kin ji ko, Yaya? Nan duniya ni kaɗai ke da ita! Wagga waya ko aljani bai shigarta sai da izinina!"

Haka aka yi ta yi har ƙarshe. Abbati ya ɗan leƙo, Sirajo ya rufe shi. Kowa ya juya yana kallon Sirajo, yana tsaye, hula a hannu, wayar na ta tallan basir a aljihunsa.

Inna Kulsumu ta share ido da bakin mayafi.

"Mubashir, maido min daga farko," ta ce. Sannan ta dubi autanta. "Kai kuma, ko cikin waya ba ka iya yin shiru in ji babanku?"

Darasi: Duk saƙon da ya ce ka danna ka samu kyauta, ko ka tura wa mutum ashirin, ko wai wayarka ta kamu a zo a wanke maka, kada ka danna. Kada ka sauke manhaja daga shafin da ba ka sani ba, kada ka ba ta izinin da ba ka gane ba. In ka yi kuskure, tambayi wanda ya sani tun da wuri, ba abin kunya ba ne. Abin da ba za ka sake samun irinsa ba kuwa, muryar iyaye ko hotonsu, ka ba 'yan uwa su ma su ajiye. Ku tura wa Sirajon gidanku, kowane gida akwai shi.