Ƙwayar da Yaya Ta Daina Sha

Yayata malamar makaranta ce, kuma tun muna yara ba a gaya mata abu ta ce ba ta sani ba. Ko hanya ta ɓace mata, sai ta ce unguwar ce ta canja. Shekara shida tana shan wata 'yar ƙwaya kowace safiya saboda ciwon maƙoƙo.

Da ta samu ciki bayan dogon jira, sai ta yanke wa kanta hukunci cewa kowane magani guba ne ga ɗan tayi. Ta jefa kwalbar a durowa, ba ta tambayi kowa ba.

Ni na raka ta awon ciki. Nas ta ce, "Kina shan wani magani?"

"Ko ɗaya," in ji Yaya.

Na taɓa ta. Ta galla mini harara, na haɗiye maganata.

A wata na uku ta fara sa rigar sanyi ana tsakar zafi. Fuskarta ta kumbura, gashinta na bin mataji. Tana cikin rubutu a allo sai ta manta abin da take koyarwa.

Na ce, "Yaya, ki koma wa maganinki mana."

"Laulayi ne. Ke ciki nawa kika taɓa yi?"

A wata na biyar, tana duba littattafan ɗalibai a ofishin malamai, jini ya ɓalle mata. Kafin la'asar cikin ya zube.

A asibiti, likita ya daɗe yana kallon takardar gwajin jininta. "Malama, mai ciki ƙara mata maganin nan muke yi, ba dainawa ake ba. Ba zan ce shi kaɗai ne sanadi ba. Amma da kin tambaye mu."

Yaya ba ta yi kuka ba. Ta ce, "To." Sai ta tambayi inda takalminta yake. A gida ta zauna bakin gado, masu jaje na shiga suna fita, tana cewa, "Yauwa, na gode," kamar mai kiran sunayen 'yan aji. Ni ma hawayen ya ƙi zuwa. Ɗan da ya zube namiji ne, in ji nas, amma har yau Yaya ba ta tambaya ba.

Darasin nan na mu biyu ne. Mai ciki kada ta daina magani ko ta ɓoye ciwonta sai ta ji ta bakin likita, komai iliminta. Wanda kuma ya san gaskiya a wurin awo ya faɗe ta, ko da za a harare shi.