Shafin da Aka Yage

A wani gari an yi wata mata, shugabar masu rawa, wadda ta gaji littafin kiɗa daga mahaifinta. Da hannu aka rubuta shi, da alamun da makaɗa ke karantawa. Mutum huɗu ne suka tsara kiɗan, kowa a zamaninsa. Rubutun wani manya-manya ne, na wani kuwa tawadar har ta koɗe. Amma in an haɗa, rawa ɗaya ce, mai ba da labari ba tare da an buɗe baki ba.

Wata rana mai mulkin ƙasar ya kira ta su yi rawar a bikinsa. Da ya kalli gwaji, sai ransa ya ɓaci a kashi na uku, inda sarewa ke kuka, masu rawa na tafiya a sunkuye kamar waɗanda aka kora daga gonakinsu. Wanda ya tsara wannan kashi manomi ne da kakan mai mulkin ya ƙwace wa gona.

Ya ce, "Ki cire wannan. Baƙina murna za su zo yi."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ba ni na rubuta ba, ba ni da ikon cirewa. Ko a yi ta duka, ko a bar ta."

Sai ya fizge littafin, ya yage shafin, ya jefa a wuta. Ya ce, "In na ji kiɗan nan, ke da mutanenki kun bar ƙasata."

Ta koma gida tana tunanin barin garin da aka haife ta. Ta tara makaɗanta ta ce wanda ke tsoro ya zauna a gida. Biyu suka zauna.

Ran biki, da aka gama kashi na biyu, ta dubi mai mulkin ido da ido, ta ɗaga hannu. Mai sarewa ya rufe littafin, ya busa kashi na uku da ka, har ƙarshe. Washegari aka kore su. A garin da suka fara sauka, ta nemi alƙalami, makaɗan suna busawa tana mayar da shafin.

Ma'anar misalin nan ke nan. Littafin shi ne Maganar Allah. Makiyayi ya rubuta, sarki ya rubuta, masunci da likita ma sun rubuta, amma Ruhu ɗaya ne ya bishe su. Duniya tana son wuraren albarka, ba ta son inda aka tsawata wa mai zalunci, ko inda aka ce mu tuba. Za a ce maka, "Tsallake wannan." Kada ka tsallake. Ka haddace ta tun yau, yadda in aka ƙwace takardar daga hannunka, za ka miƙe tsaye ka faɗe ta da ka.