Jakar da Ta Yi wa Mai Ita Ihun Ɓarawo

Akwai wata mata mai ɗinkin jakunkunan hannu, 'yan gidansu suna kiranta Auta. Allah ya ba ta basira, wannan babu musu. Sai dai tun ranar da ta fara buga tambarinta mai ruwan zinare a jikin jaka, gaisuwarta ta koma ɗaga yatsu biyu.

Auta ta ƙirƙiro wata jaka mai magana. Akwai 'yar na'ura ɗinke a cikinta, haɗe da wayar mai jakar. Muddin wayar na kusa, jaka shiru. Da zarar an yi nisa da ita, sai zif ya kulle kansa, jaka ta ɓarke da kururuwa. Muryar da ke ciki kuwa ta Auta ce, ita ta ɗauki muryarta da kanta.

Rannan mai wani babban kantin kayan ƙawa ya ce ta kawo ya gani. In ya karɓa, jakunkunanta za su hau kantar kantinsa a bayan gilashi, abin da ta daɗe tana roƙon Allah. Tun a gida ta kunna na'urar don kar ta yi ta lalube a gabansa.

Yayarta ce ta raka ta, wadda ke yanka mata fata kullum ba tare da ƙorafi ba. Suna isa bakin kantin, Auta ta dube ta daga sama har ƙasa.

"Yaya, ke tsaya nan gindin bishiya."

"Ba tare za mu shiga ba?"

"Haba Yaya, dubi silifanki fa, da waya aka ɗaure ɗaya. Ba ki dace da tambarina ba. Ungo wayata, ki ɗauke ni bidiyo ina shiga. Kar ki matso, kar kuma ki tsayar sai na ce."

Yaya ta karɓa. "To Auta, Allah ya ba da sa'a."

A bakin ƙofa mai gadi ya tambaya, "Madam, tare kuke da waccan?"

"A'a, wata ce mai riƙe min kaya."

Ta shige tana taku ɗai-ɗai, hankalinta duk yana kan yadda za ta fito a bidiyo. Ta wuce wajen turare, ta kai tsakiyar kanti, sai kawai aka ji daga hammatarta:

"Ɓarawo! Jama'a ɓarawo! Ajiye jakar da ba taka ba!"

Auta ta daskare. Sai a lokacin ta tuna inda wayar take. Ta matse jakar, ihu ya ƙaru, don ita ce ta tsara ta haka. Ta juya za ta ruga waje, mai gadi ya tare ƙofa.

"Madam, ina zuwa da gudu haka?"

"Tawa ce! Wallahi ni na ɗinka ta!"

"To buɗe mu gani."

Ta ja zif, zif ya ce bai san zance ba.

"Bawan Allah, ba ka ji muryata ce a ciki ba? Saurara ka ji." Ta gyara murya ta ƙwala, "Ɓarawo! Jama'a ɓarawo!"

Wata dattijuwa da ke gwada takalmi ta riƙe baki. "Ikon Allah! Yau ga ɓarawo yana taya ihu."

Auta ta hango Yaya ta cikin gilashi, ta shiga ɗaga mata hannu biyu. Yaya ta ɗago nata hannun ta mayar da gaisuwa, ta gyara tsayuwa, ta ci gaba da ɗaukar bidiyo.

"Don Allah ku kira min waccan matar!"

Mai gadi ya girgiza kai. "Mai riƙe miki kaya? Ai abin da kika ce ta faɗa shi za ta faɗa. In ba ki da ɗan'uwa da zai tsaya miki, sai wajen 'yan sanda."

Gumi ya wanke hodar fuskar Auta. Ta dubi jama'a, ta dubi ƙofa, sannan ta buɗe baki da ƙarfin da ya danne na jakar:

"Yayata ce! Uwa ɗaya uba ɗaya! Ita ta goya ni!"

Aka kira Yaya. Ta yi sallama ta shigo, silifa na fat-fat a kan tayil. Tana matsowa jaka ta yi tsit, kamar yaron da ya ga mahaifinsa. Zif ya buɗe.

Mai kantin kuwa tun ihun farko yake tsaye a kan matakala. Ya karɓi jakar ya jujjuya.

"Ɗinki ya yi kyau, tambari ma ya yi kyau. Amma jakar da ba ta san mai ita ba sai waya ta gaya mata, ba zan sayar wa matan mutane ba. Ranar da caji ya ƙare musu a tsakiyar kasuwa, wa zai cece su?"

Haka suka fito, babu ciniki. A bakin titi Auta ta share ido ta miƙa hannu.

"Yaya, ba ni wayar in kashe na'urar."

Yaya ta soke wayar a ƙugu ta yi gaba abinta. Auta na tsaye tana zumɓura baki, sai jaka ta fara, "Ɓara..."

Da gudu ta cim mata, ta kama hannunta gam.

Yaya ta ce, "Yauwa, matso sosai. Ni ban iya kashe ta ba, ke kuma ba za ki karɓa ba sai mun isa gida."

Haka suka ratsa babban titi, kafaɗa da kafaɗa, kowa na gani.

Darasi: Duk kyan tambarinka, ba shi zai tsaya maka ranar da bakinka ya kasa wanke ka ba. Wanda ka bari a bakin ƙofa don kayan jikinsa, wataƙila a hannunsa Allah ya ajiye rufin asirinka. Allah ya raba mu da girman kai. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman autan gidanku.