Jatau, Zare Mai Ƙugu Biyu

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso.

Ta zo mu ji ta, Iya.

Wannan a bakin marigayi kakanku na ji ta, muna ɓare masarar da ya noma ta ƙarshe.

A cikin ƙwayar masara akwai gari, gidajensa ido ba ya ganinsu. Kowane gida da zaruruwan gado, kowane zare da kayan da yake riƙe. In gida ya cika sai a raba shi biyu. Masu ja su biyu ne: Nomau a gabas, Korau a yamma, kowa ya jefo igiya. A al'adar garin, zare ƙugu ɗaya gare shi. Igiya ɗaya ke kama shi, gida ɗaya yake shiga.

To akwai wani zare, Jatau, shi ke riƙe da jan rinin masara. Sai ya ji gabas ana dama fura, yamma ana turara dambu. Ya ce duka biyun zai ci. Sai ya tsinci wani guntun zare mai nasa ƙugu, ya manna a wutsiyarsa. Ƙugu ya zama biyu.

Ranar rabo, Nomau ya kama ɗaya, Korau ya kama ɗaya.

Nomau ya ce, "Nawa ne."

Korau ya ce, "Sake min, tsoho."

Jatau yana dariya, ya ce, "Ku ja a hankali, ni na kowa ne."

Sai suka ja. Ya miƙe kamar gada tsakanin gida biyu, sai ɗas, ya tsinke. Rini ya zube.

Bakin da ya tsinke danƙo gare shi. Sai Jatau ya sake mannewa da wani guntu mai ƙugu, ya ce, "Wancan karon ba su iya ja ba ne." Aka ja, ɗas. Ya sake, ɗas. Rinin saura ɗan kaɗan.

Korau ya leƙo shi, ya ce, "Malam Jatau, da fura da dambu wanne ya fi?"

Ya ce, "Ni dai ƙasa na ci."

Sai ya naɗe ƙugu ɗaya da tsumma, igiyar Korau ta zame, Nomau ya ja shi gabas. Jatau ya tarar har an wanke ƙwaryar fura.

Shi ya sa kuke ganin wata masara dabbare-dabbare: wani gida ya sami rini, wani bai samu ba.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu. In mutum biyu na jan ka, zaɓi ɗaya tun kana da sauran rini. Kai Tambai, mai cin tuwo nan ya zaga gidan Gwaggo, da kai nake.